An ce maganin ya isa ƙwaƙwalwar ɓera: ta yaya aka auna, kuma me lambar take nufi?

Ba a ɗaukar dogon lokaci sai ka ga wani labari ya fara yawo, wai masu bincike sun bai wa ɓeraye wani maganin antiyoksidan, bayan awa kaza sun same shi a hanta ko a ƙwaƙwalwa, nanogiram (kashi ɗaya cikin biliyan na giram) kaza a kowane giram na nama. Kafin ka ce kwabo masu tallan magungunan ƙarin lafiya sun ɗauki lambar sun liƙa a jikin kwalba. A gefe guda kuma an samu sauye-sauyen dokoki guda biyu a 2022 da suka ƙara rikita mutane. A watan Mayun shekarar majalisar ICH, wadda ke daidaita ƙa'idojin magunguna tsakanin hukumomin Turai da Amurka da Japan da wasu ƙasashe, ta kammala ƙa'idar M10 kan yadda za a tabbatar da ingancin hanyar auna magani a jini da sauran abin da aka ɗebo daga jiki. A ƙarshen Disamba kuma Amurka ta gyara dokarta ta 1938, ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a jikin dabba kafin a kai shi ga mutum. Wasu suka ɗauka an daina gwajin dabbobi kenan, wasu kuma suka ce duk tsofaffin sakamako sun zama shara. Duka biyun ba haka abin yake ba, kuma sai an fahimci yadda ake awon kansa kafin a ga dalili.

Kalmomin da ake ta maimaitawa

Ƙwayoyin halittar jiki suna ƙona abinci da iskar oksijin a wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya. A cikin wannan aiki wasu 'yan ilektiron kan zille su haɗu da oksijin ta hanyar da ba a shirya ba, sai a samu sinadarai masu zafin kai, waɗanda ake kira firi radikal da danginsu irin su haidirojin feroksaid. Waɗannan suna iya cin kitsen bangon ƙwayar halitta da furotin da DNA, kusan irin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Antiyoksidan shi ne duk sinadarin da ke shiga tsakani, yawanci ta hanyar ba da nasa ilektiron ɗin, wato shi ya yarda ya yi tsatsar a madadin ƙwayar halitta. Ka riƙe wannan bayanin da kyau domin shi ne tushen duk wahalar da za mu zo kanta.

Jiki na da nasa masu gadin, babbansu gulutatayon. Akwai kuma waɗanda aka yi su a matsayin magani: NAC, wanda tun shekarun 1970 ake ceto hanta da shi idan mutum ya sha farasitamol fiye da ƙima, edarabon, wanda Japan ta amince da shi a 2001 don shanyewar ɓarin jiki, Amurka kuma ta amince da shi a 2017 don cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi, idebenon da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015 don wani makanta na gado, sai MitoQ da Michael Murphy da Robin Smith suka ƙirƙiro a Niyu Zilan, wanda aka ɗaura masa wani ɓangare mai cajin lantarki don ya riƙa taruwa a cikin mitokondiriya.

Abin lura, firi radikal ɗin nan ba duka sharri ba ne. Fararen ƙwayoyin jini da su suke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin halitta kuma suna aika wa juna saƙo da su. Shi ya sa tambayar nawa ne ya isa, kuma ina ya isa, ta fi tambayar ko maganin na da ƙarfi muhimmanci.

Ita kuwa na'urar mas sifektiromita, wadda da ita ake wannan awo, ma'auni ce, sai dai abin da take aunawa ƙwayar sinadari ce ɗaya-ɗaya. Ba ta iya ganin ƙwayar da ba ta da caji, don haka sai an fara sa mata caji tukuna, sannan na'urar ta ware su bisa nauyin kowacce idan aka raba da cajinta, abin da ake rubutawa m/z. Idan ka ga an rubuta LC-MS/MS a takardar bincike, ana nufin an haɗa na'urar tacewa ta ruwa da ma'auni mai hawa biyu.

Abin da ya jawo aka matsa wa awon nan

An daɗe ana gwada ƙarfin antiyoksidan a cikin kwalbar gwaji kawai, a zuba sinadari mai launi a ga yadda launin ya dushe. Ma'aikatar noma ta Amurka har jadawali ta yi na irin wannan awo da ake kira ORAC, amma a 2012 ta janye shi daga shafinta, saboda babu hujjar cewa lambobin na da alaƙa da abin da ke faruwa a jikin mutum, ga kuma 'yan kasuwa na amfani da su wajen talla.

Sannan manyan gwaje-gwaje a jikin mutane sun yi ta ba da kunya. A Finlan an bi maza masu shan sigari sama da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda aka bai wa beta karotin, wani antiyoksidan, sun fi sauran kamuwa da kansar huhu da kusan kashi 18 cikin 100. Sai maganar NXY-059, wani antiyoksidan na kamfanin AstraZeneca, wanda ya yi abin mamaki a ɓeraye har da birai wajen rage ɓarnar shanyewar ɓarin jiki, gwajin farko a mutane ma ya ba da ɗan fata a 2006, amma da aka maimaita da marasa lafiya sama da 3,000 sakamakon 2007 ya nuna bai fi maganin wofi da komai ba. Masana sun rabu kan dalili. Wasu sun ɗora laifin kan yadda aka tsara gwajin dabbobin, cewa a da yawa daga cikinsu mai duba sakamako ya san wace dabba ce ta sha magani, ba a kuma raba dabbobin ta hanyar ƙuri'a ba. Wasu kuma suka nuna cewa sinadarin mai son ruwa ne sosai, da ƙyar yake tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. MitoQ ma da aka gwada shi a masu cutar Parkinson su 128, sakamakon 2010 bai nuna ya rage gudun cutar ba.

Duk lokacin da irin haka ta faru akwai bayani biyu: ko dai tunanin ne ba daidai ba tun farko, wato hana tsatsar ba ya warkar da cutar, ko kuma maganin ne bai kai wurin aikin ba da yawan da ake buƙata. Awon jini kaɗai ba zai raba gardamar nan ba, tunda magani na iya cika jini fal ya kasance babu ko ɗigo a inda ciwon yake. A mutum mai rai ba za ka yanko ƙwaƙwalwa ka duba ba. Dalilin da ya sa ake komawa ga naman dabba kenan.

Daga jikin dabba zuwa ƙaramar kwalba

Mutane kan ɗauka wahalar tana wajen na'ura mai tsada, alhali yawancin kuskure tun kafin a isa gare ta ake yinsa. A ce an bai wa ɓeraye magani, an ware wasu za a duba bayan minti 30, wasu awa 2, wasu awa 24. An sa wa dabba maganin barci mai nauyi, an buɗe ƙirji. Abu na farko da za a yanke shawara a kai shi ne jinin da ke cikin gaɓar. Ga misali na lissafi kawai: a ce jini ne kashi 2 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwar da aka ciro, a jinin kuma akwai nanogiram 1,000 na magani a kowane mililita, to ko da maganin bai tsallaka ko kaɗan ba za ka auna kusan nanogiram 20 a giram, ka fito ka ce ya shiga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake tura ruwan gishiri mai sanyi ta zuciya har sai hanta ta sauya daga ja jawur ta koma fari-fari, alamar jini ya fita. Amma fa wankin nan ma na da nasa aibu, don idan aka daɗe ana yi yana iya wanke wani ɓangare na maganin daga naman kansa, shi ya sa wasu suka fi son su bar jinin su cire kasonsa da lissafi.

Ana ciro gaɓa sai a tsoma ta a ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, sannan a adana a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Gaggawar nan ba ta burgewa ba ce. Ka tuna aikin antiyoksidan shi ne ya yi tsatsa da sauri, to ba ya daina wannan halin don dabba ta mutu. Iskar ɗaki, haske, ɗumi, ƙarfen da ke fita daga jajayen ƙwayoyin jini da suka fashe, duk suna ci gaba da cinsa a kan teburin aiki. Abin da kake son aunawa yana narkewa a hannunka kamar ƙanƙara.

Gulutatayon ne ya fi nuna wannan ƙarara. Yana da kama biyu, GSH wanda bai yi aiki ba tukuna, da GSSG wanda ke samuwa idan GSH biyu suka yi tsatsa suka manne da juna. A lafiyayyar ƙwayar halitta GSH kan ninka GSSG sau 100 ko fiye. To a ce kana da GSH 100 da GSSG 1, cikin jinkirinka guda 2 kacal suka yi tsatsa, GSSG ya koma 2 kenan, ya ninka. Mai karanta sakamako zai ce dabbar na cikin matsananciyar damuwar tsatsa, alhali ma'aikacin lab ne ya tsaya amsa waya. Maganin wannan shi ne a zuba wani sinadari da ake kira NEM tun lokacin niƙa, shi kuma ya kama bakin GSH ya rufe shi kafin ya samu damar mannewa. A na'ura sai a nemi GSH ɗin a lamba 433 maimakon 308 da aka saba, tunda NEM ya ƙara masa nauyi 125. Ga wasu sinadaran kuma wani sinadari mai suna EDTA ake sawa don ya ɗaure ƙarfe, ko asid, ko ma wani antiyoksidan na daban da zai yi gadin wanda ake nema.

Daga nan sai niƙa. A auna naman, galibi 'yan miligiram ne, a zuba shi a ƙaramin bututun roba da 'yan duwatsun ƙarfe ko na tangaran, injin ya girgiza su har naman ya zama kamar kunu, duk a kan ƙanƙara. A zuba asetonaitiril ko metanol mai sanyi, furotin ya dunƙule, a juya a injin juyi ya kwanta ƙasa, a kwashe ruwan sama. Hanta na niƙuwa da sauƙi, fata da ƙashi da tsokar zuciya kuwa sai an sha fama, kuma idan niƙan bai yi laushi ba wani kason maganin na nan maƙale a cikin tsaki.

Cikin na'urar

Ruwan da aka tace ana tura 'yan maikirolita ne ta wani siririn bututu cike da garin da ke riƙe sinadarai gwargwadon son kitsensu. Mai son ruwa ya riga fita, mai son kitse ya yi jinkiri, ta haka kowa ke da lokacin fitowarsa. A bakin fita akwai allura mai ɗauke da wutar lantarki ta volt dubbai, ruwan ya fita kamar feshin turare, ɗigon ya yi ta ƙanƙancewa yana bushewa har ƙwayoyin su tashi a iska ɗauke da caji. John Fenn ne ya mayar da wannan dabara abin amfani ga manyan sinadarai, ya samu kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka da Kurt Wüthrich. Asalin tunanin auna nauyin dai ya girme su nesa ba kusa ba, tun wajen 1913 J.J. Thomson ya ga iskar niyon ta rabu gida biyu, mai nauyi 20 da mai 22, mataimakinsa Francis Aston ya gina na'urar da ta fi tasa a 1919.

Wadda aka fi amfani da ita wajen ƙirga magani tana da zango uku, Richard Yost da Christie Enke suka haɗa ta a ƙarshen shekarun 1970. Zangon farko mai gadi ne, ba ya barin kowa ya wuce sai mai nauyin da aka ce masa. A na biyu a yi wa waɗanda suka wuce karo da iskar argon ko naitirojin su farfashe. Na uku kuma ya zaɓi gutsure ɗaya tak daga cikin tarkacen. A MitoQ misali, ana tace 583 a farko, a nemi gutsuren 441 a ƙarshe. Da wuya wani sinadari na daban ya fito a daidai wannan lokaci, da wannan nauyi, ya kuma fashe ya ba da wannan gutsure. Wannan tantancewa sau uku ita ta sa ake iya gano nanogiram ɗaya a giram, wato kashi ɗaya cikin biliyan, kwatankwacin daƙiƙa ɗaya a cikin shekara kusan 32.

Ɗan rakiya

Na'urar ba ta faɗin nanogiram da kanta, tudu kawai take zanawa a allon kwamfuta, sai an kwatanta girman tudun da na samfuran da aka san adadin abin da ke cikinsu. A nan ne wata matsalar ke ɓuya. A bakin allurar feshi ana rububin caji ne, idan kitsen nama, musamman fosfolifid, ya fito lokaci guda da maganin sai ya ƙwace cajin, tudun magani ya ragu alhali maganin na nan yadda yake. Ƙwaƙwalwa cike take da irin wannan kitse, hanta na da nata tarkacen daban, don haka ma'aunin da aka haɗa a ruwan jini ba lallai ya yi daidai a kan ƙwaƙwalwa ba.

Dabarar da ake yi ita ce a haɗa maganin da ɗan rakiya. A ƙera irin maganin sak, sai dai a sauya wasu atom na haidirojin da ditiriyom, ko kabon 12 da kabon 13, ya ɗan fi na asali nauyi da 3 ko 6 ko makamancin haka. A zuba adadin da aka sani a kowane samfur tun kafin a fara tacewa. Duk abin da ya samu maganin a hanya zai samu ɗan rakiyar, in an yi asarar rabi dukansu sun yi, in kitse ya danne ɗaya ya danne ɗayan, sai a yi lissafi da rabon da ke tsakaninsu. Amma ɗan rakiya ba ya ba da labarin abin da ya faru kafin ya iso. Idan maganin ya riga ya lalace tsakanin ciro gaɓa da niƙa, babu lissafin da zai dawo da shi. Ga shi kuma ƙera shi na da tsada, sabon magani ma sau da yawa ba a riga an yi masa ba, sai a nemi wani sinadari mai kama da shi a yi maneji, ingancin kuma ya ragu.

Abin da M10 ta shimfiɗa a nan yawancinsa lambobi ne da aka daɗe ana amfani da su tun jagorar 2001 ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, yanzu dai an mayar da su bai ɗaya. Ma'aunin kwatance ya kasance da aƙalla matakai 6. Sakamakon samfuran gwaji kada ya kauce wa gaskiya da fiye da kashi 15 cikin 100, a mafi ƙanƙantar matakin da ake iya aunawa an yarda har kashi 20. A nuna maganin na jure daskarewa da narkewa da zaman firiza. A sake auna wani kaso na ainihin samfuran a wata rana, biyu bisa uku su dace da na farko cikin kashi 20. Ƙa'idar ta fi shafar binciken da za a miƙa wa hukuma don neman lasisin magani. Binciken jami'a da aka yi don neman sani ba ta tilasta masa ba, kuma mafi yawan labaran da ke yawo daga irin wannan binciken suke fitowa.

Inda masana suka sha bamban

Saɓani na farko kan me ya kamata a auna ne. NAC da aka haɗiya, abin da ke isa jini a kamanninsa bai cika kai kashi 10 cikin 100 ba, don hanji da hanta suna cire masa wani ɓangare ya koma sistin, da sistin ɗin jiki ke gina gulutatayon. Wanda ya nemi NAC a hanta bai samu da yawa ba zai ce maganin bai isa ba, alhali ya isa ya ma yi aikinsa a wata kama. Resberatirol kuma, wani antiyoksidan da ake samu a inabi, hanji na tsotsarsa sosai, amma nan da nan ake manna masa sulfet ko wani sukari, na asalin da ke yawo a jini kaɗan ne ƙwarai. Wasu masu bincike kan zuba inzayim ya ɓalle abin da aka manna sannan su ba da jimilla, lambar ta yi girma, wasu kuma na ganin wannan na ɓoye gaskiya tunda ba a tabbatar kamannin da aka sauya suna aiki iri ɗaya da na asali ba. Masu ba da jimillar suna kare kansu da cewa nama na iya ɓalle abin da aka manna ya dawo da na asalin, kenan jimillar ajiya ce. Kowane ɓangare na da abin kamawa, muhimmin dai a faɗi wanne aka auna.

Na biyu, jimillar magani ko wanda ke sake. Magani mai son kitse na iya taruwa da yawa a ƙwaƙwalwa amma kusan dukkansa manne da kitse da furotin. A ilimin harhaɗa magunguna an fi karkata ga cewa wanda bai manne ba shi ke aiki, shi ya sa ake ƙarin gwaji a raba su ta wata 'yar fata mai tacewa, ko a dasa siririyar allura a ƙwaƙwalwar dabba mai rai ana ɗibar ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta. Sai dai ga antiyoksidan da aikinsa dama a cikin kitsen bangon ƙwayar halitta yake, irin bitamin E da MitoQ, ana iya cewa wanda ya shige kitsen shi ne ke bakin aiki. A nan ƙa'idar da ta yi wa sauran magunguna daidai ba ta zauna daram ba.

Na uku, niƙa na ɓatar da adireshi. Ƙoda na da ɓawo da ciki, ƙarin ciwon daji na da gefe mai jini da tsakiya da ta mutu, in ka niƙa gaba ɗaya matsakaici kawai za ka samu. Tun 1954 Sven Ullberg a Suwidin ya fito da hanyar sa wa magani alamar rediyo, a daskarar da dabba a yanka ta siriri-siriri a ga inda hasken ya taru, har yau kamfanoni na amfani da ita. Rauninta shi ne ba ta bambance magani da abin da ya rikiɗa ya zama, alamar kawai take bi. A 1997 Richard Caprioli da abokan aikinsa suka nuna za a iya harba leza a kan yankan nama ɗigo-ɗigo a auna nauyi a kowane ɗigo, a fitar da taswira. Wannan na nuna wuri yana kuma bambance sinadari, amma wajen faɗin ainihin adadi bai kai LC-MS/MS ba, yankan kuma na shan iska, abin da antiyoksidan ba ya so. Yawancin masu aikin sun koma haɗa biyu, taswira don sanin ina, niƙa don sanin nawa.

Sai maganar dabbobin kansu. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kawo ƙa'idoji uku, a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Masu son a daina suna nuni da yawan magungunan da suka yi nasara a ɓera suka faɗi a mutum, suna kuma kawo ƙwayoyin halittar mutum da ake rainawa a faranti da lissafin kwamfuta a matsayin madadi. Masu ganin da saura suna cewa faranti ba shi da hanta da ƙoda da shingen ƙwaƙwalwa da ke aiki tare a lokaci guda, kuma lissafin kwamfutar ma da bayanan dabbobi ake gina shi. Dokar Amurka ta 2022 ba ta haramta komai ba, zaɓi ta buɗe. Ƙarfin ganin na'urorin yanzu shi ma ya rage yawan dabbobin da ake buƙata, don ɗigon jini daga jelar ɓera ɗaya a lokuta daban-daban na iya isa, inda a da sai an kashe rukuni guda a kowane lokaci. Ga gaɓoɓin ciki dai har yanzu sai an ciro.

Yadda abin ke taɓa mai saye da mai sha

Ga mara lafiya, irin wannan awo ne ke taimakawa wajen zaɓen adadin da za a fara gwadawa a mutum da tazarar shan magani, shi ke kuma tona inda magani ke taruwa ba a so, kamar ƙoda ko ido ko ɗan tayi. Inda aka yi shi da kyau ana iya ajiye maganin da ba ya isa inda ake so tun kafin a sa dubban marasa lafiya cikin gwaji.

Ga mai karanta talla kuwa, jimlar "an same shi a ƙwaƙwalwa" ba ta cika ba sai an san ko an wanke jini, sinadarin asali aka auna ko jimilla, ta baki aka bayar ko ta allura, kuma nawa. Adadin ɓera ba a ɗora shi kan mutum kai tsaye. A lissafin da FDA ke amfani da shi ana raba adadin ƙaramin ɓera da 12.3, kenan miligiram 100 a kowane kilo na ɓera ya yi daidai da kusan miligiram 8 a kilo na mutum, wajen miligiram 570 ga mai kilo 70. Sau tari abin da ke cikin kwalbar da ake sayarwa bai kama ƙafar wannan ba. Kuma a ƙasashe da dama, har da Amurka, magungunan ƙarin lafiya ba sa bin matakan amincewa da ake bi da maganin asibiti kafin su shiga kasuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika kawowa ba, wato antiyoksidan da ake sa wa abincin dabbobi. Etoksikwin an daɗe ana zuba shi a garin kifi don kada kitsensa ya lalace, har ma don kada ya yi zafi ya kama wuta a cikin jirgin ruwa. Da aka auna naman kifin salmon na kiwo da irin waɗannan na'urori sai aka ga etoksikwin ɗin kansa kaɗan ne, abin da ya fi yawa kuma ya fi daɗewa a tsoka shi ne wata kama da ke samuwa idan ƙwayoyinsa biyu suka manne. Lab ɗin da ya nemi na asalin kaɗai zai ba da rahoton ragowa kaɗan. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci kan amincinsa ba, ta kuma nuna damuwa kan wani gurɓataccen sinadari da ke biyo shi daga masana'anta. Tarayyar Turai ta dakatar da izininsa a 2017, a 2022 kuma ta ƙi sabunta shi, yayin da Amurka ke ci gaba da yarda da shi a abincin dabbobi bisa iyakar da ta gindaya.